Kujerar Lamba Bakwai

Kafin ku zage ni, ku bari in kai ƙarshe. Na san a cikinku akwai masu cewa, "Allah ya ba ki aiki, ya ba ki mijin aure, me kuma kike nema?" Ni ma da wata ce ta kawo min labarin nan makon jiya, abin da zan ce mata ke nan.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a wurin aiki. Mu uku ne a gidan: ni, Mama, da Yayana namiji. Babanmu ya rasu shekara shida ke nan. Mai rubuta allunan shaguna ne, kullum farcensa da fenti. Tun ina 'yar shekara bakwai yake kife bokiti ya ɗora ni a kai, ya ba ni guntun burushi. Idan abokansa suka zo sai ya ce, "Nawa hannun koyo ne. Nata baiwa ce." Da wannan maganar na girma. Duk ranar da duniya ta yi min zafi, ita nake jawowa in rufa.

Bara wani kamfanin yadi ya nemi mai zane. Yadin labule, zanin gado, yadin kujeru. Duk furen da kuka gani a jiki, wani ne ya zauna ya zana shi kafin inji ya buga. Mu ashirin da uku muka zauna jarrabawa. Ba a rubuta suna a takarda, lamba aka ba kowa don kada a yi son kai. Ni ce lamba goma sha ɗaya. Bayan kwana tara aka kira ni. Ranar na buɗe tsohon gwangwanin Baba, na ɗauko burushinsa da ya bushe, na riƙe ina kuka ina cewa, "Ka yi gaskiya, Baba. Sun gani."

Sai kuma shi, wanda zan aura. Shugaban ofishin ɗaukar ma'aikata ne, a gidanmu Manaja ake ce masa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, rigarsa ba ta taɓa yamutsewa ba, ko da ƙarfe biyar na yamma. Wata uku da fara aikina ya soma ajiye min 'yan takardu a ƙarƙashin kofin fensirorina, da koren biro: "Kin ci abinci?" "Launin nan ya karɓe ki." Daga takarda aka koma waya, daga waya ya zo gida ya gaida Mama. Ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo wurin Kawu neman aurena. Mama ta sa an wanke labulen falo, ta aro kujerun roba shida, ta ɗinka min doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, tana rataye a bayan ƙofa cikin leda.

Ina son sa. Ku riƙe wannan, don kada nan gaba ku ce dama can ba na so.

Ranar Litinin da safe, shugaban ɗakin zane ya kira ni. Tsoho ne, Baba Mai Gilashi muke ce masa, don gilashi biyu yake ratayawa a wuya, na kusa da na nesa.

"Auta, za a ƙara mana mutum ɗaya. Alhamis ce jarrabawa, ni da ke za mu duba. Sauka ɗakin ajiya ki ɗauko min fayil ɗin bara, mu ga yadda muka tsara tambayar."

Daɗi ya kama ni. Ni ce yau zan duba na wasu! Na sauka da saurina, takalmina yana ƙwas-ƙwas a matakala. Ɗakin ajiyar ba taga, ƙwan fitila ɗaya ne, sai warin tsohuwar takarda. Na samo fayil ɗin a ƙasan wani kwali. Da na ɗauka na hau sama kawai, da yanzu ba na rubuta muku wannan. Amma zuciya ta ce min, buɗe ki ga makinki mana, ki ji daɗi.

Na buɗe.

Lamba bakwai, casa'in da ɗaya. Lamba biyu, saba'in da tara. Lamba goma sha tara, saba'in da huɗu. Lamba goma sha ɗaya, sittin da takwas.

Ta huɗu na zo.

A ƙasan takardar, a karkace, an rubuta: "A kira lamba 11." Da koren biro. Ko a mafarki na ga rubutun nan zan gane shi.

Na zauna a kan kwalin. Ban yi kuka ba, kunnuwana ne kawai suka ɗauki wani irin ƙugi. Sai na shiga laluben zanukan, don har lokacin ina gaya wa kaina ƙila kuskuren lissafi ne. Tambayar bara ita ce a zana ganye da tsuntsu, zanen da zai yi ta maimaita kansa a jikin yadi ba tare da an ga mahaɗa ba. Na ga nawa. Yana da kyau, wallahi yana da kyau, furanni cike, launi bakwai. Sannan na jawo na lamba bakwai.

Launi uku kawai ta sa. Ganye ne zalla, na ce to ina tsuntsun? Sai da na ɗan ja takardar nesa da idona na gan su. Ba ta zana tsuntsu ko ɗaya ba. Farin filin da ke tsakanin ganyayen shi ne tsuntsayen, suna tashi gaba ɗaya zuwa gefe guda. Na yi minti goma ina neman mahaɗar zanen, ni da nake wannan aikin kullum, ban same ta ba.

Wanda ba ya zane ba zai gane abin da na ji ba. Ba hassada ba ce. Kunya ce, irin ta wanda ya daɗe yana waƙa da ƙarfi a ɗaki, sai ya waiwaya ya ga ashe akwai mutane.

Na hau sama na ajiye fayil ɗin a gaban Baba Mai Gilashi, a buɗe. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya cire gilashin kusa ya shiga goge shi da bakin riga.

"Da gangan ka aike ni, Baba?"

"Ƙafata ce ba ta son matakala," in ji shi. Bai kalle ni ba.

"Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Rufe ƙofar. Ke ba ki yi laifin komai ba, 'yata. Kin iya, kuma kin dage, a shekara ɗaya hannunki ya faɗa sosai. Amma waccan... shekara talatin ina ɗakin nan, mutum biyu na gani irinta. Ɗayan ya rasu."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na yi. Aka tuna min saura shekara biyu in yi ritaya, gara in yi ta lafiya." Ya mayar da gilashin. "Ba na alfahari da shirun da na yi."

Ƙarfe ɗaya saƙon Manaja ya shigo: "Ina mota. Na sayo miki abin sanyi." Na ja mayafina na sauka. Motar tana ƙarƙashin bishiya a bayan ma'ajiyar yadi, sanyi da ƙamshin turarensa suka tare ni. Ya miƙo min kwalbar lemo, ban karɓa ba. Na nuna masa hoton takardar a wayata.

Ya kalla, ya ɗan yi murmushi. Murmushi fa!

"Au, wannan? Shi ne kika shigo min da fuska haka?"

"Ta huɗu na zo."

"To? Ga ki kina aiki. An taɓa kawo ƙararki? Zanenki na labule mai ruwan toka, akwai wanda ya fi shi tafiya bana?"

"Ba shi na tambaye ka ba. Wata ta ci, ka ba ni."

Ya ajiye kwalbar. "Auta, bari in gaya miki aikina, tunda yau kin shigo cikinsa. Kowa baiwa, baiwa. Kin san masu baiwa nawa na ɗauka da hannuna suka yi wata shida suka gudu? Ko su zo suna ganin sun fi kowa, ba a isa a gyara musu layi ba? Kamfani ba gasar zane yake yi ba. Mutum nake nema wanda zai zo kullum, ya ji magana, ya zauna. Waccan da goyo ta zo, gidanta can ƙarshen gari. Wata nawa kike ganin za ta yi?"

"Ka tambaye ta?"

Ya kau da kai.

"To na biyu da na uku fa? Su ma goyo gare su?"

Sai ya sassauta murya, ya juyo gaba ɗaya yana kallona. "Kina son gaskiya? Ranar jarrabawar na fito zan wuce, na gan ki a kan benci kin rungume jakarki, kina motsa baki kina addu'a. Na ce a raina, yarinyar nan ba za ta fita daga ginin nan ta ɓace min ba."

"Da na zo ta goma fa?"

"Da na ɗauke ki."

"Ta ashirin da uku?"

"Ko ba ki zana komai ba," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Shi a ganinsa maganar soyayya ya faɗa min, wadda ta fi kowacce daɗi. Na san 'yan mata da yawa da za su narke a wurin. Ni kuwa ji na yi kamar an zare min kujera ina zaune. Ashe zanena ko kallonsa bai yi ba. Na buɗe ƙofa na fita, yana kirana ban juyo ba.

Ranar Talata na roƙi Baba Mai Gilashi abu ɗaya: a sake gayyatar lamba bakwai. Ya ce yana da ikon ƙara suna ɗaya a jerin, ya ƙara. Lambar wayar da ke takardar neman aikinta ba ta shiga, sai na kwafi adireshin. Da aka tashi na hau mota biyu, na sauka na yi tafiyar ƙafa, doguwar rigata baƙa ta kwashi ƙasa har gwiwa. Wata maƙwabciya ta ce ba ta gida, tana shagon buga takardu kusa da tasha.

Shagon bai fi tsawon tabarma biyu ba. Injin kwafi ɗaya, tsohuwar kwamfuta, fanka tana juyawa tana ƙara. Ga ta tsaye, siririya, za ta girme ni da kamar shekara bakwai, mayafinta ya koɗe a kafaɗa. 'Yarta tana barci a kan kwali a ƙarƙashin tebur.

"Kwafi ko bugu?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"'Yar'uwa, magana na zo mu yi. Daga kamfanin yadi nake."

Hannunta ya tsaya. Duk hanya na shirya yadda zan lulluɓe maganar, amma da ta ɗago ta kalle ni sai komai ya zube. Na gaya mata yadda yake. Na nuna mata hoton. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Casa'in da ɗaya," ta ce a hankali. "Ni?"

"Ke."

"Wannan koren rubutun fa?"

"Wanda zan aura ne."

Ta miƙo min wayar. Ta ɗauki wasu takardu ta shiga jera su, ta daidaita gefensu, ta sake daidaitawa. Na jira zagi. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Kin san abin da na yi da ba a kira ni ba?" ta ce. "Wata guda ina sa waya a ƙarƙashin filo. Daga baya na ce wa maigidana, ashe ban iya ba, mutane ne suke ruɗa ni tun ina yarinya. An kai wurin waɗanda suka san abin, babu suna babu sanayya, sun ce a'a. To me ya rage? Na tattara fensirorin na ba 'yar maƙwabta. Tun ranar ban ja layi ɗaya ba."

"Ki yafe min."

"Me kika yi min? Ke ma zuwa kika yi nema." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma da ba ki zo ba, da na fi samun barci. Na riga na saba da cewa ban iya ba. Yana da sauƙin ɗauka fiye da wannan."

Na ce mata akwai wata jarrabawar jibi, ƙarfe tara, sunanta yana ciki.

"Hannuna ya manta."

"Zai tuna."

"Wa zai duba?"

"Ni da shugaban ɗakin zane."

"Wa zai sa hannu a ƙarshe?"

Na sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai, kamar dama ta sani. Wani ya leƙo da takardun makaranta, ta juya ta karɓa. Har na kai bakin ƙofa na ji ta ce, "Ƙarfe tara kika ce?"

A mota na duba wayata. Kiran Manaja bakwai, saƙo uku. "Har yanzu fushi?" "Ki bari mu yi magana kamar manya." Na ƙarshen: "Na san abin da zai wanke miki zuciya. Ki jira gobe." Ban amsa ba. Na ɗauka turare ne ko takalmi.

Laraba da yamma na shigo gida na tarar da abin da na daɗe ban gani ba: Mama tana waƙa. Ta shimfiɗa bargo a kan teburin falo tana goge farar rigar Yaya, wadda ya saya tun bikin gama makarantarsa. Takalminsa baƙi yana bakin ƙofa, an shafa masa mai yana ƙyalli.

Bari in gaya muku waye Yaya. Shekararsa talatin da uku. Shekara bakwai da gama jami'a, ya kai takardunsa ofisoshin da ba zan iya ƙirgawa ba. Ya yi koyarwa ta wata huɗu makarantar ta rufe. Yarinyar da ya so ta jira shi shekara uku, ta gaji. Bara ya yi kwas na wata shida na zane a kwamfuta, don dai kada ya zauna. Shi ne ya riƙa goya ni zuwa makaranta lokacin da na karye a ƙafa. Yanzu yakan wuni a ɗaki, idan baƙi suka zo ya fita ta ƙofar baya don kada a tambaye shi, "Ya ake ciki?"

"Auta, zo ki ji!" in ji Mama. "Yaron nan Manaja ɗan albarka ne. Ɗazu ya kira ni da kansa. Ya ce gurbin da za a cike a wurinku na Yayanki ne. Gobe ya je ya zauna jarrabawa don cika ƙa'ida kawai."

Jakata ta zame daga kafaɗata.

"Mama, Yaya bai iya zanen yadi ba."

"Zai koya. Ke da kika je, da iyawarki aka haife ki?"

Na zauna a hannun kujera na gaya mata komai. Fayil ɗin, lamba bakwai, shagon, yarinyar da ke barci a kan kwali. Ta saurare ni har ƙarshe, dutsen guga a tsaye a hannunta.

"To sai me?" ta ce. "Sata kika yi? Allah ne ya ba ki, ya biyo da shi ta hannun bawansa."

"Hakkin wata ne, Mama."

"Ita waccan 'yar wace ce? Ni ban san ta ba. Ɗana na sani. Ni nake jin juyinsa a ɗaki. Ni nake sa masa abinci in dawo in tarar bai taɓa ba. Shekara bakwai, Auta! Duk inda ya je, ba ɗan wani aka ɗauka aka bar shi ba? Su can da suka yi masa haka, wa ya je ya yi musu wa'azi? Yau ɗaya da ƙofa ta buɗe mana, ke ce za ki tsaya a bakinta?"

"Baba yakan ce..."

"Kada ki kawo min Babanku." Muryarta ta karye. "Babanku ya fi kowa iya rubutu a garin nan, ya mutu yana hawa tsani a rana. Me baiwar ta ba shi? Ki bar ni in ga ɗana ya fita da safe kamar kowane namiji kafin in bi Babanku."

Ta juya ta ci gaba da guga, hawaye yana ɗiga a kan rigar tana bi da dutsen tana busarwa. Ku gaya min, me ake ce wa uwa a nan?

Na shiga ɗaki. Rigar Asabar tana rataye a bayan ƙofa. Wayata ta yi ƙara, saƙon Manaja ne.

"Kin ji? Kyautata ce ta Asabar."

Na rubuta: "Na gayyato lamba bakwai."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Sannan: "Na ga sunan. Ba komai, ta zauna. Ki ba Yaya saba'in da biyar, sauran ki bar min. Baba Mai Gilashi kuwa, na san yadda zan yi da shi."

Wani ya biyo: "Don ke nake yi. Duk don ke."

Alhamis na sa riga mai ruwan toka, ban shafa komai a fuska ba. Ni da Yaya mota ɗaya muka hau. Yana ta shafa gwiwar wandonsa.

Mutum goma sha shida suka zo. Lamba bakwai ta bara ce ta ƙarshen shigowa, tana haki, ta bar 'yar a wurin maƙwabciya. Fensir biyu ne a hannunta, sababbi, ko fiƙe su ba ta yi ba. Na raba lambobi, na raba takardu. Tambayar bana: ruwa da kifi, awa uku.

Rabin awa na farko ba ta zana komai ba. Ta ja layi ta goge, ta ja ta goge. Na ce a raina, shi ke nan, mun kashe mata hannun. Kuma, Allah ya yafe min, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi, don idan ta faɗi da kanta babu abin da zan zaɓa. Sai na ga ta ajiye fensirin, ta rufe ido, ta buɗe. Ta gyara zama. Daga nan ba ta sake ɗagowa ba. Baba Mai Gilashi ya wuce ta bayanta, ya tsaya, ya canja gilashi, ya daɗe bai motsa ba.

Yaya yana layin baya. Gumi ya jiƙa farar rigar. Ya goge wuri ɗaya har takardar ta huje.

Da aka tashi ta miƙo min takardarta, ta fita. Yaya ya jira kowa ya watse, ya same ni a baranda.

"Auta, wadda ta zauna gabana, ita ce wadda kuke magana da Mama jiya?"

Ashe ya ji. Na gyaɗa kai.

"Na leƙa takardarta." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni kifina kamar takalmi." Ya kalli ƙasa. "Na san ban iya ba. Ba sai kin faɗa min ba. Amma yau da na fito, mai shagon kan layi ya ce min, 'A dawo lafiya, ma'aikaci.' Kin san rabon da wani ya yi min magana haka?" Ya share fuska da tafin hannu. "Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba. Ke dai kin san gidan da za mu koma."

Ya sauka, takalminsa mai ƙyalli yana matse masa ƙafa, yana ɗan ɗingishi.

Muka baje takardun a babban tebur, ni da Baba Mai Gilashi. Nata bai kai na bara tsabta ba, akwai inda hannun ya kauce. Amma ruwan yana tafiya. Wallahi kana kallo kana jin yana tafiya, kifayen suna bi ta cikinsa suna ɓacewa suna fitowa. Babu na kusa da shi. Baba ya rubuta makinsa ya turo min takardar. Ya ba ta tamanin da takwas. Ya ba Yaya talatin da ɗaya.

"Na yi shiru sau ɗaya, ya ishe ni," ya ce. "Saura ke."

Na riƙe biro har yatsuna suka yi sanyi. Na tuna bayan Yaya, yadda nake kwantar da kaina a kai yana haki a hanyar makaranta. Na rubuta mata tamanin da bakwai. Na rubuta masa talatin da biyar. Huɗun nan da na ƙara, su ne duk abin da na iya yi wa ɗan'uwana.

"Kin san ofishinsa takardar za ta bi," in ji Baba.

Na sani. Shi ya sa na haɗa ta da fayil ɗin bara na rungume. Ofishin Manaja yana hawa na ɗaya, ƙofa ta biyu. Na wuce ta. Na hau hawa na biyu, inda ban taɓa zuwa ba sai ranar da aka gabatar da ni: ofishin Madam, mai kamfanin. Ina hawa ina lissafa abin da ke cikin fayil ɗin nan. Aikin Yaya. Aikin Manaja, wataƙila. Ranar Asabar. Da kujerata, don idan aka gyara na bana, me zai hana a tambayi na bara?

Sakatariya ba ta nan. Na ƙwanƙwasa.

"Shigo."

Na tura ƙofar. Madam tana bayan teburinta tana dariya. A kujerar gabanta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofin shayi a hannu, Manaja ne zaune.

"Ga ta nan ma," ya ce, fuskarsa ta washe. "Yanzu nake gayyatar Madam."

"Amaryarmu!" in ji Madam. "Ashe abin da kuke ƙullawa ke nan a kamfanina ban sani ba? Allah ya sa alheri. Matso mana. Me kika kawo min?"

Idonsa ya sauka kan fayil ɗin. Ya gane shi. Murmushin bai bar bakinsa ba, amma kofin ya tsaya a iska. Ya girgiza min kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Ba barazana ba ce a idonsa, roƙo ne, kuma da barazana ce da ta fi min sauƙi.

Taku huɗu ne tsakanina da teburin. Na yi su. Na ajiye fayil ɗin a gabanta, na buɗe mata shafin da hannuna.

"Madam," na ce, "kafin ki yi min murna, ki karanta wannan."